Tambaya da Amsa: A Ina Wasana Ya Lalace?

Tambaya: Malam, ina buga ches a Lichess, shafin wasan ches na intanet, makina bai wuce 1200 ba. Wani mai maki kamar nawa ya cinye ni a motsi tara, ina riƙe da baƙaƙe: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Kg8 8.Bxd5+ Be6 9.Bxe6# (N doki ne, B bishop, Q sarauniya, K sarki; x ci ne, + barazana ga sarki, # kashe sarki). Komar da sarki g8 ne laifina? Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, laifi ne, amma ba nan ɓarnar ta faro ba. Da ka kai sarki e6 a motsi na 7, da ba a kashe shi nan take ba, sai dai farare su buga 8.Nc3, dokinka na d5 ya sha matsi daga wuri uku: bishop, sarauniya da doki, ga shi bishop ya ɗaure shi da sarki. Mai maki 1200 da wuya ya fita daga wannan tarko.

Asalin kuskuren yana motsi na 5. Gidan f7 sarki kaɗai ke tsaronsa. Da ka ci sojan d5 da doki, sai dokin fari ya faɗa f7 yana neman sarauniyarka da hasumiyar h8 lokaci guda, dole sarki ya ci shi ya fito fili. Abin da ya dace shi ne 5...Na5, ka taso bishop ɗin c4. Yawanci sai a bi da 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6 9.Nf3 e4. Ka yi asarar soja ɗaya, haka ne, amma kai ke kora, dokinsa na ta ja da baya. In ba ka son wannan rigima, buga 3...Bc5 tun farko. Hanyar sarauniyarka a buɗe take, in doki ya taka g5 ta cinye shi.

Wajen bita kuma, kada ka fara da Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin ches. Jera wasan a kan allo, ka rubuta abin da ka zata abokin karawarka zai buga a kowane motsi, sannan ka kunna injin ka gwada. Duba agogo ma. Lichess na nuna daƙiƙun da ka ɓata a kowane motsi, kuma ina kyautata zaton Nxd5 ɗin nan ko daƙiƙa biyar bai ci ba.