Paje ko Kendwa, in da yara?

Malam, ka ce za ka kai iyali Zanzibar, kana neman wurin shaƙatawa na bakin teku tsakanin Paje da Kendwa. Ka kama Kendwa kawai.

Matsalar Paje janyewar ruwa ce. Can gabas, in teku ya ja baya sai ka yi ta tafiya cikin jiƙaƙƙen yashi, kana ratsa turakun da mata ke noman ciyawar ruwa, kafin ruwan ya kai maka gwiwa. Na ga yara sun gaji tun ba a isa ba. A Kendwa kuwa ana wanka safe da yamma. Sai dai ka kauce wa lokacin cikar wata, domin akan raba dare ana casu, kiɗa ba zai bar yara su runtsa ba.