Sakin Ighalo da sayen Neymar: ina Al-Hilal ta yi kuskure?

Ɗan'uwa na Jidda, ka ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Al-Hilal ta Saudiyya ta yi wauta da ta saki Ighalo a 2023 ta ɗauko Neymar. To, ba gurbinsu ɗaya ba. Mitrović, da aka sayo daga Fulham, shi ya gaji Ighalo a lamba tara, wato gurbin ɗan gaba mai zura ƙwallo, ya zura ƙwallo 28 a lig, suka ɗau kofi ba a doke su ba. Nan babu asara, ko da yake Ighalo ya ci 24 a kakar 2021/22.

Cinikin Neymar ne ya ci kuɗi: kusan Yuro miliyan 90, ga ɗan wasa mai yawan jinya. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Oktoba 2023, a wasan Brazil ma, ba na Al-Hilal ba. Wasa 7 ya buga musu, ƙwallo 1, aka raba gari a Janairu 2025.