Kun Tambaya: Wai da gaske Turawa ne suka gano duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni malamar firamare ce, ranar nan ina koya wa ƴan aji shida cewa Kolombus ne ya gano Amurka, Basko da Gama kuma shi ya gano hanyar Indiya, sai wata yarinya ta ɗaga hannu tace Malama wai da can babu mutane ne a wurin? Wallahi rasa abin faɗi nayi, nace mata sai gobe. Dan Allah a warware min, kuma me ma ya fito da su daga ƙasarsu tun farko? Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ki ja ta a jiki don tana da kai. Amsarta a taƙaice ita ce akwai mutane, da garuruwansu da sarakunansu da kasuwanninsu. Baturen ne bai san da su ba sai lokacin, shi kuma ya riƙe alƙalami ya rubuta wai ya gano.

Abin da ya fito da su kuwa neman kuɗi ne, sai kishin addini da ya biyo baya. A wancan zamanin masoro da kanumfari da kirfa da citta tsada gare su a Turai ba kaɗan ba, daga Indiya da tsibiran gabas ake ɗauko su, su bi ta hannun fatake Musulmi zuwa Masar, sannan ƴan kasuwar Benis ta Italiya su saya su kai Turai, kowa ya ɗora ribarsa kafin kaya su isa. Zinariya ma haka, ayarin raƙuma ke ƙetaro Sahara da ita daga Afirka ta Yamma, kuma labarin Mansa Musa na Mali da hajjinsa na 1324 ya riga ya cika musu kunne, har zana shi sukayi a wata taswira ta 1375 yana zaune riƙe da curin zinariya. To mutanen Fotugal sai sukace me zai hana mu zagaya ta ruwa mu je tushen abin da kanmu. A 1415 suka ci birnin Sabta a gaɓar Maroko, daga nan wani ɗan sarkinsu Yarima Henri ya dinga tura jirage suna lallaɓawa kudu ta gefen Afirka, bana a ƙara gaba kaɗan baɗi a ƙara. Akwai wani wuri Bojado da matuƙa ke tsoron wucewa, shekara da shekaru ana zuwa ana juyowa, sai a 1434 wani Jil Eyanis ya wuce.

Wajen nan ne raina ke ɓaci duk lokacin da na karanta. Shekara goma kacal bayan haka, a 1444, aka sauke mutum 235 da aka kamo daga gaɓar Afirka a wani gari na Fotugal mai suna Lagos, aka raba su kashi-kashi a fili, uwa na ƙanƙame ɗanta ana ɓamɓare shi, marubucin fadarsu da kansa ya rubuta irin kukan da aka sha ranar. Kinga tun tafiyar bata yi nisa ba cinikin bayi ya shigo ciki. Legas ɗinmu ma bakin mutanen Fotugal ne ya raɗa mata wannan sunan, ƴan gari Eko suke cewa. A 1482 suka gina katafaren gidan dutse a Elmina ta ƙasar Gana saboda zinariya, yana nan tsaye har gobe, daga baya ya koma wurin tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

A 1488 Batolomi Diyas ya zagaya ƙarshen Afirka ta kudu, sai Basko da Gama ya ƙarasa aikin. Ya bar Lisbon ranar 8 ga Yuli 1497 da jirage 4 da mutum wajen 170, amma da ya zagayo gabashin Afirka sai ya tarar teku cike da jiragen Larabawa da Indiyawa da Sawahili da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa, sun san watan da iska ke kaɗawa gabas da watan da take juyowa. Sarkin Malindi, a Kenya ta yanzu, shi ya ba shi matuƙin da ya san hanya, cikin sati uku da ƴan kwanaki sai ga su a Kalikut ta ƙasar Indiya a watan Mayu 1498. Wato hanyar da ake cewa ya gano ma nuna masa akayi, aƙalla wannan ɓangaren na ƙarshe. Mutumin farko da suka tura tudu, wasu Musulmi ƴan Tunis ya tarar da ke jin yaren Sifaniya, suka tambaye shi me ya kawo ku nan, yace Kiristoci muke nema da kayan yaji. Da aka fito da gaisuwar da za a kai wa sarkin Kalikut, ƴan yadika ne da huluna da murjani da sukari da mai da zuma, fadawa suka sa dariya sukace ko mafi talaucin fataken Makka yana kawo abin da ya fi wannan.

Da Basko da Gama ya dawo a 1502 kuma da igwa ya zo. Ya tare wani jirgi da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane masu dawowa daga Makka, maza da mata da yara, ya kwashe dukiyar ciki sannan ya cinna masa wuta. Wannan ba a sa shi a littafin firamare, amma ni ina ganin ya kamata malami ya sani ko da bazai faɗa wa yara duka ba.

Kolombus shi lissafi ne ya ƙwace masa, ya ɗauka duniya bata kai girman da take da shi ba, don haka in ya miƙe yamma zai faɗa Asiya nan da nan. Sarauniya Isabela ta Sifaniya ta amince masa a 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi. Jirage 3, mutum wajen 90, ranar 12 ga Oktoba suka sauka a wani tsibiri cikin Bahamas, mutanen Taino suka tarbe su da abinci da ruwa, shi kuma ya kira su Indiyawa, har ya mutu a 1506 yana kan bakansa cewa gefen Asiya ya je. Su Taino ɗin cikin ƴan shekaru aikin tilas da cututtukan da baƙin suka zo da su suka kusa ƙarar da su.

Don haka gobe ki ce wa ɗalibarki gaskiyarta, akwai mutane, kuma ki gyara jimlar a allo ta koma Kolombus ya isa Amurka a 1492. Sannan ki tambayi ajin me suka ci da safe, don masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali duk asalinsu Amurka ne, mutanen can ne suka fara noma su, bayan waɗannan tafiye-tafiyen suka bazu har suka iso tukunyarmu.

TAMBAYA: Malam ni abin da ke ɗaure min kai, ba inji ba firij ba waya, me suke ci wata da watanni a kan ruwa? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa wahala suka ci, wannan kam ba a ƙwace musu, ƙarfin hali suna da shi. Jiragen na katako ne, iska ke tura su da manyan ƙyallaye, hanya kuma da allurar kamfas da auna tsayin rana da taurari ake nemo ta. Guzurinsu busasshen biskit ne mai tauri, da naman da aka jiƙe da gishiri, da wake, da ruwa a ganga wanda in ya daɗe wari yake yi. Babban mai kisa shine rashin ɗanyen abu, babu lemo babu ganye, sai jiki ya rasa bitamin C, dasashi ya kumbura har ya rufe haƙora mutum ya kasa tauna, ƙafafu su kumbura, tsohon miki ya buɗe. Basko da Gama a hanyar dawowa daga Indiya ya fito ba lokacin iska ba, tafiyar da sukayi a sati uku ta ɗauke su wata uku, mutum wajen 30 suka mutu, da suka iso Malindi lemo aka dinga kawo musu, ƙarshe sai da suka ƙona jirgi ɗaya don babu masu tuƙa shi.

Na Magelan, jagoran tafiyar farko da ta zagaye duniya, ya fi muni. Sun tashi daga Sifaniya a 1519 da jirage 5 da mutum sama da 200, a tekun Fasifik sunyi fiye da wata uku basu samu sabon abinci ba, biskit ya zama gari duk tsutsa da fitsarin ɓera, suka koma jiƙa fatar da aka naɗe itacen jirgi da ita a ruwan teku kwana huɗu biyar suna gasawa suna ci, ɓera ma saye ake da kuɗi kuma ba kullum ake samu ba. Shi Magelan an kashe shi a 1521 a tsibirin Maktan na Filifin da ya shiga faɗa da mutanen wurin. Jirgi ɗaya ne ya zagayo duniya ya koma gida a watan Satumba 1522, mai suna Biktoriya, da mutum 18 a ciki, an cika shi da kanumfari.