Kada ka taɓa kuɗin biza saboda kwamfutar Baba

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce tsohuwar kwamfutar Baba da kake cike takardun neman gurbin karatu da ita ta fara gardama: Chrome ya ƙi sabuntuwa, shafin jami'ar yana cewa babu tsaro, manhajar da za a yi maka intabiyu da ita kuma ta ƙi hawa. Kana shawarar ko ka ciri wani abu daga kuɗin biza ka sayi sabuwa. Don Allah dakata tukuna.

Fara duba kwanan wata a kusurwar ƙasa ta hannun dama. A cikin kwamfuta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, galibi CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe ta. Da ya mutu sai ka kunna ka tarar ta koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuwa ba sa yarda da kwanan da bai dace da takardar shaidarsu ba. Mutane da yawa sun sha ƙona data a banza kan wannan. Saita kwanan, ka kashe, ka sake kunnawa. In ya goce, batirin ne, kuma ka tambayi masu gyaran agogo nan Daura kafin ka yi tunanin zuwa Katsina.

Sannan ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) a kan alamar Computer ka shiga Properties. Nan za ka ga ko Windows ɗin 32-bit ce ko 64-bit, da yawan RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita. Manhajar 64 ba ta hawa kan Windows mai 32, ko sau nawa ka sauke ta.

In kuwa Windows 7 ce a kai, kamar yadda nake zato, to nan gizo ke saƙar. Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya a lamba 109 a kanta a farkon 2023. Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), RAM 4GB da wurin ajiya 64GB, da wuya ta Baba ta cika sharuɗɗan. Windows 10 ita ma wa'adinta ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, amma in aka ɗora ta za ta iya raka ka har ka gama cike-ciken nan.

Kafin a taɓa komai, kwafe takardunka da na Baba a filasha, har da hotunan gida. A hure ƙurar hunturu daga fanka, don zafi na kashe ta ana tsakiyar aiki. Kuma kada ka fara sabuntawa sai kana da tabbacin wuta ko sola. In aka ɗauke ana cikin yi, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Mai gyara in ya ce zai ɗora maka Windows ko Office na sata, ka ce a'a. Da wannan kwamfutar kake tura fasfo da bayanan banki.

Ranar intabiyu dai ban yarda ka dogara da ita ba. Ari ta wani, ka gwada kyamara da sauti tun ana gobe.

In Allah ya kawo ka Ingila, laburaren jami'a cike yake da kwamfutoci, kuma jami'o'i da dama suna bai wa ɗalibai Office kyauta, don haka ka bar wa ƙannenka wannan kwamfutar. Turo min hoton shafin Properties ɗin a WhatsApp in ga ko ƙarin RAM da SSD, wato wurin ajiya mai sauri, zai yi mata amfani. Ka gaida min Baba da Inna.