Famfon mai ko injekta: wanne za a fara canzawa?

Malam, ka ce tun da aka ƙara ƙarfin turbo, wato na'urar da ke cusa iska cikin inji, a motarka Subaru WRX, injin yana shaƙewa idan ka taka mota a Hawan Kibo kan hanyarka ta komawa Jos, kana tambaya ko injekta, wato na'urar da ke fesa mai cikin injin, za ka canza. Ka fara da famfon mai da matatarsa tukuna. A ɗaura ma'aunin matsin mai a gwada motar tana cikin gudu, domin a wannan injin matsin yana farawa ne daga wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), kuma dole ya riƙa hawa daidai da yadda iskar turbo take hawa. Idan ya faɗi a tsakiyar hawa, famfon ya gaza, kuma sabon famfo ƙirar Walbro 255 zai wadatar. Injekta ba ta buƙatar canji sai lokacin da take a buɗe tana fesa mai ya haura kashi 85 cikin ɗari.

Sharaɗin shi ne a sake saita ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, bayan kowane canji, kuma a saita ta da fetur ɗin da kake sha a gidajen mai, wanda yawanci oktan 91 ne (oktan ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da injin ya ƙwanƙwasa ba ne), ba da lissafin man Turai ba. Ni na yi sakaci da wannan a tawa motar. Mai ya yi wa iska kaɗan, injin ya fara ƙwanƙwasa, kuma da bakanike ya kwance filogi, bakinsu ya yi fari fat kamar alli, gefen fistan na huɗu kuwa ya riga ya tsage.