Amsa ga mai tambaya kan ciwon jikin yayarta da batun damuwa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce yayarki ta daɗe tana fama da ciwon jiki, duk gwajin da aka yi mata bai nuna komai ba, daga baya likita ya ce fibromyalgia ce, wato lalurar da ke sa ciwo ya game jiki na tsawon lokaci, ya kuma tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mijinta ya ce ashe dama tunani ne kawai ke damunta. Kina tambaya ko damuwa ce ke haddasa ciwon. Ni ma da wannan lalura nake rayuwa, shi ya sa nake amsa miki.

Ciwon na gaske ne. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne ke zuzuta saƙon, kamar lasifikar da aka ƙure wa murya, har ta kai ɗan matsin da lafiyayye ba zai kula da shi ba ya zama azaba ga mai cutar. Tunda babu kumburi ko rauni a gaɓoɓi, gwajin jini da hoton ƙashi sukan fito lafiya lau, kuma amfaninsu shi ne a tabbatar ba wata cutar ce ta ɓuya ba, irin su matsalar maƙoƙo, ƙarancin jini ko amosanin gaɓɓai. A shekarar 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gano cutar ta hanyar danna wurare 18 a jiki, idan 11 suka yi zafi kuma ciwon ya kai wata uku. A 2010 aka sauya ƙa'idar, aka shigar da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da yawan mantuwa. Mata ne aka fi samu da ita.

Damuwa kuwa tana da hannu, amma ba ita kaɗai ba ce, domin akwai gado, akwai kuma waɗanda ciwon ya taso musu bayan haɗari ko wata doguwar rashin lafiya. Ni dai nawa ya fara ne a lokacin da nake jinyar mahaifiyata, ina kwana a zaune, da safe kuma in wuce wurin aiki. Bayan rasuwarta na zaci jikin zai saki, bai saki ba. Nakan tashi sallar asuba kamar wadda aka lakaɗa wa duka, in zuba gishiri a miya in manta in sake zubawa, kuma har yau idan aka samu saɓani a gida ko aka yi hidimar biki, nakan ga sakamakon a kafaɗuna da ƙuguna washegari. Damuwa tana hana barci mai nauyi, rashin barcin yana ƙara zafi, zafin kuma yana dawo da damuwa. Tun 1975 wani likita a Kanada mai suna Harvey Moldofsky ya nuna cewa idan aka riƙa katse wa lafiyayyun mutane barcinsu mai nauyi, sukan wayi gari da ciwon tsoka.

Abin da ya fi ciwon cin rai, a ganina, shi ne rashin yarda. Matar da ake ce wa tana da raki ko son jiki za ta tilasta wa kanta wanki da girki don ta wanke kanta daga zargi, sannan ta kwanta kwanaki tana biyan bashin. Wasu kuma za su ce sammu ne ko iska, a yi ta kashe kuɗi. Don haka maganar da mijin ya yi tana cikin nauyin da ke kanta, kuma zai kyautu ya raka ta asibiti ya ji bayani daga bakin likita.

Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ta samu taɓin hankali. Da yawan masu cutar suna haɗawa da ciwon damuwa ko fargaba, kuma magunguna irin su amitriptyline da duloxetine suna taimaka wa zafin ko barcin, ba yanayin zuciya kaɗai ba. A can ne ma aka koya mini raba aiki gida-gida, in tsaya tun kafin jiki ya tsayar da ni. Shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fitar sun fi ƙarfafa motsa jiki a kan kowane magani, kuma tafiyar ƙafa kaɗan bayan la'asar, ana ƙarawa sannu a hankali, ta yi mini amfani, ko da yake makonnin farko sun yi wuya.

Ki ja mata kunne kan sayen tiramadol ko pregabalin a kemis ba da takardar likita ba, domin jiki yana sabawa da su har barinsu ya zama wata sabuwar matsala. Ku kuma 'yan'uwa ku duba aikin da ya fi gajiyar da ita a gida ku ɗauke mata shi, ko da ɗiban ruwa ne ko kai yara makaranta. Allah Ya ba ta lafiya.