Amsa ga mai tambaya kan MBA da shugabanci

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa domin ba abin amsawa a tsaitsaye ba ne. Ka ce bara ka kammala digirin farko, ka samu gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, kuma kafin ka zuba kuɗinka da shekarunka kana so ka san ko makarantun kasuwanci na fitar da shugabanni da gaske, ko takarda kawai suke rabawa.

Ni na yi wannan karatun, amma sai da na shekara 7 ina aiki kafin na tafi. Tun dawowata nake riƙe da ma'aikata, na ɗauki masu wannan takardar aiki, na ga waɗanda suka yi kyau, na ga waɗanda suka watsa sashen da aka damƙa musu.

Ba zan ci amanar makarantar ba, ta amfane ni. A can na iya karanta lissafin kamfani. A can na gane cewa riba daban, kuɗin hannu daban: kamfani na iya nuna riba a takarda kuma ya durƙushe a ƙarshen wata, saboda kuɗinsa na hannun waɗanda suka karɓi kaya bashi, ga albashi ya zo. Na koyi yadda ake yanka farashi, da yadda ake auna ko jarin da za a zuba yau zai biya kansa nan da shekara 5. Wannan ilimi ne na ƙwarai, kuma wanda ba shi da shi zai daɗe yana lalube. Na kuma samu abokai da har yau nake kiransu idan abu ya ɗaure mini kai.

Amma kai a kan shugabanci ka yi tambaya, kuma a nan ne nake da ja.

Dubi yadda ake koyarwar. Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ita ce ta yaɗa salon nazarin labarin kamfani, ta aro shi daga makarantar koyon aikin lauya. Ɗalibinta kan bi ta kan labarai kusan 500 a shekara 2, kuma makarantu da yawa a duniya sun kwaikwayi salon, har da tamu. Za a ba ka shafuka kaɗan ka karanta da dare, gari na wayewa ka shiga aji ka yanke hukunci kan kamfanin da ba ka taɓa taka ƙofarsa ba: a rufe wannan reshen, a rage ma'aikata kaza. Wanda ya fi iya tsara magana shi ke kwashe maki. Ana tashi daga aji shi ke nan, gobe wani labarin ne. Babu wanda zai zo ya tsaya gabanka ya ce maganarka ta jiya ta raba shi da abincinsa. Mutumin da ya yi haka sau ɗaruruwa zai fito da saurin yanke hukunci da ƙarfin gwiwa, amma ba a taɓa sa shi ya kwana da sakamakon hukuncinsa ba.

Wani malami a Jami'ar McGill ta Kanada, Henry Mintzberg, ya bi shugabannin manyan ma'aikatu 5, kowanne mako guda, yana rubuta abin da suke yi. Binciken ya fito a 1973, kuma ya nuna rabin ayyukansu ba sa kaiwa minti 9 kafin wani abu ya katse su. Duk wanda ya riƙe mutane ya san gaskiyar wannan. Kana tsakiyar duba lissafi a ce maka inji ya tsaya, kafin ka isa wurin ma'aikata biyu sun yi cacar baki, ga mai sayen kaya a waya yana faɗa. Babu wanda zai tattara maka matsalar a shafi 15 ya miƙo maka. Gano mece ce matsalar ma shi ne rabin aikin, kuma daga bakin mutane ake jinta, idan sun yarda da kai har su faɗa maka.

Abin da ya same ni ke nan. Da na dawo, aka ba ni wani sashe a masana'antar da nake aiki. Na zauna na tsara ma'auni: kowane rukunin ma'aikata za a auna shi da yawan kayan da ya fitar, wanda ya zarce a ƙara masa alawus. Wata 2 na farko alƙaluma suka yi ta hawa, manya suka yaba mini. A wata na 4 kaya suka fara dawowa daga masu saye, injinan kuma suka fara lalacewa a jere. Ashe kowane rukuni ya daina tsayar da inji don a duba shi, saboda tsayawar za ta rage masa adadi, sai ya lallaɓa ya bar wa na bayansa. Akwai wani dattijo, shugaban masu gyara, wanda ya fi shekara 20 a wurin. Na tambaye shi ko ya hango haka. Ya ce tun ranar farko. Na ce to me ya hana ka faɗa mini? Ya ce: "Ranka ya daɗe, da ka tara mu bayani ka zo yi, ba tambaya ba." Wannan maganar ta daɗe tana cina, don gaskiya ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na shigo da takarda ban tambayi masu ɗakin ba. Da aka zo rage asarar, ma'aikatan wucin gadi aka fara sallama, mutanen da ba su da laifin komai, kuma ni na sa hannu a takardunsu.

Daga baya na karanta tarihin Robert McNamara. Ya gama MBA a Harvard a 1939, ya zama shugaban kamfanin Ford a 1960, sannan sakataren tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968. Gwani ne na lissafi, kuma a zamaninsa aka riƙa auna nasarar yaƙin Biyetnam da yawan gawarwakin abokan gaba. Adadi na hawa, yaƙi na suɓucewa. Irin kuskurena ne, sai dai nasa ya ci rayuka: abin da ke ƙirguwa ake gani, sauran a manta da shi. Jeffrey Skilling, tsohon shugaban kamfanin Enron da ya rushe a 2001, shi ma Harvard ya yi, ya ƙare a gidan yari. Bayan rikicin kuɗi na 2008, wasu ɗaliban makarantar da kansu suka tsara rantsuwar riƙon amana a 2009, abin da ke nuna su ma sun ji akwai giɓi.

Kada ka ɗauka ina cewa takardar na ɓata mutum. Manyan shugabannin kamfanoni irin su Satya Nadella na Microsoft da Tim Cook na Apple duk sun yi MBA. Sai dai ka lura, dukansu suna cikin aiki suka yi karatun. Ka kuma tuna cewa manyan makarantu tun wajen ɗauka suke tace mutane, su zaɓi masu ƙwazo da himma. Idan irin waɗannan suka yi fice daga baya, da wuya a raba abin da makaranta ta ƙara musu da abin da suka shigo da shi.

Shawarata, idan za a ɗaga maka gurbin, ka nemi a ɗaga. Ka yi aiki shekara 3 ko 4, ka nemi a ba ka ko da mutum 3 ne ka riƙe, ka ɗanɗani gaya wa wanda ya girme ka cewa aikinsa bai yi ba, ka ɗauki laifin da yaronka ya yi a gaban naka shugaban. A ajinmu, waɗanda suka zo kai tsaye daga jami'a haddace darasi suke yi, masu aiki kuwa kowane darasi na tuna musu da wani abu da ya taɓa ƙona su, sai su yi ta ja da malami har a kai ga gaskiya. Idan kuma dole yanzu za ka yi, ka zaɓi tsarin da ake haɗawa da aiki, ka bincika ko cikin malaman akwai waɗanda suka taɓa riƙe ma'aikata ko biyan albashi, ka kuma nemi tsofaffin ɗaliban makarantar ka tambaye su abin da suke amfani da shi a wurin aiki yau.

Ka faɗa mini fannin da ka karanta da irin aikin da kake hari, sai in ga ko akwai abin da zan ƙara maka. Allah Ya yi maka jagora.